Tambaya: fararen kawunan nan na Rumawa su waye, kuma me ya sa ba su da ƙwayar ido?

Ɗan_Agege_POP:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin tarihi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Ni aikin POP da tayil nake yi, yanzu haka muna kan wani aiki a Lekki, to mai gidan ya sa an kawo masa wasu fararen mutum-mutumi daga waje wai za a jera su a falo da gefen bene, kai ne kawai zuwa ƙirji, ba hannu ba ƙafa, an ɗora kowanne kan ɗan turke. Ogan da ke kula da aikin ya ce kwafi ne na manyan mutanen Rum na zamanin da.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ɗaya daga ciki tsoho ne tukuf, ga sanƙo, fuska duk ta tattare, kumatu sun zube, wallahi har jijiyar wuyansa an fitar, ɗayan kuma saurayi ne sumul ba ko tabo. Wa zai biya kuɗinsa a sassaƙa shi da tsufa haka? Sannan idanunsu fari fat ba ƙwaya, ga ɗaya hancinsa a guntule kuma wai haka aka ƙero shi daga kamfani. Kuma dan Allah gumaka ne da ake bauta wa ko kuwa hotuna ne kawai irin na zamaninsu? Ni dai aikin ya burge ni sosai, don na san wahalar fitar da ɗan lanƙwasa a POP balle fuska guda a jikin dutse.

Malam_Idi_Araba:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta yi kyau ƙwarai, bari in ɗauko ta daga kan tsohon nan don shi ne ƙofar maganar.

Kafin Rum ta samu sarki guda mai cikakken iko ai majalisar dattawa ce da wasu manyan gidaje ke juya ta, kuma a wurin waɗannan mutanen tsufa ba abin kunya ba ne, shi ne ma takardar shaida. Fuskar da ta sha rana, ta sha yaƙi, ta sha zaman majalisa, ita ke nuna mutum ya yi wa gari bauta kuma ba ragon namiji ba ne mai son jin daɗi. Shi ya sa a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) za ka ga kawuna birjik da sanƙo da ramin kumatu da ƙurji a gefen hanci, har masana da yawa suna ganin masassaƙan ƙara tsufan suke yi da gangan don mai shi ya ƙara kwarjini. To ka ga ba muni ya saya ba, girma ya saya.

Kuma abin yana da tushe. Manyan gidajen Rum suna yin fuskar kakanninsu da kakin zuma su ajiye a cikin ƴan akwatunan katako a babban ɗakin shiga gida, inda duk baƙo zai gani. Wani Bagirke marubucin tarihi mai suna Polibiyus da ya zauna a Rum a ƙarni na 2 kafin Miladiyya ya ba da labarin yadda idan babban mutum ya mutu sai a nemo mutane masu tsayi da jiki irin na kakannin, a sa musu fuskokin nan da tufafin muƙamin da kowanne ya riƙe, su bi gawar har dandalin gari su zauna kan kujerun hauren giwa, sannan ɗan mamacin ya tashi ya yi jawabi yana lissafo aikin kowane kaka ɗaya bayan ɗaya. Wanda gidansu ba a taɓa riƙe babban muƙami ba, ba shi da fuskar da zai fitar ranar. Akwai wani mutum-mutumi a Rum yanzu haka, mutum ne tsaye da babban mayafinsu da ake kira toga, yana riƙe da kawunan kakanninsa biyu, ɗaya a kowane hannu.

Saurayin nan sumul kuwa ban gan shi ba amma zan iya cewa da wuya in ba Agustus ba ne, don shi aka fi kwafa. Shi ne sarkinsu na farko, ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin Miladiyya zuwa ta 14 bayanta, ya mutu yana da shekara 75, amma ka duba duk kawunansa da suka rage, sun haura 200, ba ka samun tsoho ko ɗaya. Alhali marubucin tarihinsa Suwetoniyus ya ce haƙoransa ƙanana ne masu wushirya kuma ba su da kyau, gajere ne har takalmi mai ɗan tudu yake sawa. Shi ya hau mulki ne bayan yaƙin basasa ya cinye dattawan nan da ƴaƴansu, to yana so mutane su ga sabon zamani, fuska a natse ba fushi ba gajiya, sai ya ɗauko salon Girkawa na sassaƙa kyakkyawan saurayi. A Rum ake fitar da samfuri guda a aika larduna, masassaƙan can su yi ta kwafa a kafa a kasuwa da kotu da barikin soja, kamar dai yadda ka shiga kowane ofishin gwamnati a Alausa, sakatariyar jihar Legas, za ka tarar da hoton shugaban ƙasa da na gwamna a bango, kuma ba hoton da aka ɗauka da safe yana tashi daga barci ba ne. Mutumin da ke Masar ko Sifen har ya mutu ba zai ga sarki da idonsa ba, dutsen nan shi ne sarkin da ya sani. Shahararren cikinsu shi ne wanda aka tono a 1863 a gidan matarsa Libiya a wani wuri da ake kira Prima Porta, yana sanye da sulke ya ɗaga hannu, yanzu yana gidan tarihi na Batikan.

Maganar ido kuma, ai da can ba farare ba ne. Fenti ake shafa musu, ido da gira da leɓe da gashi da tufafi duk da launinsu, shekaru dubu biyu a cikin ƙasa da ruwan sama ne suka wanke shi. Shi kansa na Prima Porta ɗin an samu ragowar jan launi a jikin mayafinsa. Lokacin da Turawan Italiya suka fara tono su wajen ƙarni na 15 da na 16 sun same su farare sai suka ɗauka haka ne asali, manyan masassaƙansu irin su Mikelanjelo suka ci gaba da sassaƙa fari, abin ya zama gado har ya iso falon ogan naka. A 2003 wani masani Bajamushe, Vinzenz Brinkmann, da abokan aikinsa suka buɗe baje koli a Munik inda suka mayar wa kwafin wasu launinsu bayan sun haska na asalin da fitilu na musamman, mutane da yawa ba su ji daɗin gani ba don sun saba da farin. Daga zamanin sarki Hadriyan, 117 zuwa 138, aka fara huda ƙwayar idon a jikin dutsen, don haka in ka ga mai ƙwayar ido a sassaƙe kuma da gemu to yawanci daga lokacin ne zuwa gaba, don shi ne ya shigo da gemu fada.

Rashin hannu da ƙafa ba karyewa suka yi ba, haka ake yin su tun asali, su a wurinsu fuska ce mutum. Hanci ne dai ke karyewa saboda shi ya fi fitowa, in abin ya faɗi ta fuska shi ke fara shan ƙasa, wasu kuma da gangan aka sare. Masu kwafi suna barinsa a guntule ne don ya yi kama da na gidan tarihi.

Abu_Hafsat_Mile12:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni fa ɓangaren da yaron nan ya tambaya na ƙarshe shi ya fi damuna kuma ban ga ka taɓa shi ba. Mu Musulmi ne, maganar sassaƙa abu mai rai da ajiye shi a gida ba ƙaramar magana ba ce, hadisai sun zo da tsanani a kai. Kuma labarin da ka bayar na fuskar kakanni ai shi ne ya tuna min da mutanen Annabi Nuhu (AS), su Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, an ruwaito daga Ibn Abbas cewa mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu don tunawa, da zamani ya ja ilimi ya tafi sai aka koma bauta musu. Daga girmama kaka ake farawa. Ni shawarata gare ka ɗan'uwa ka yi POP ɗinka da tayil ɗinka, batun kafa su kuma ka samu malamin da ka yarda da shi a unguwa ka gaya masa yadda abin yake dalla-dalla ya faɗa maka matsayin aikinka a ciki, kar ka ɗauki fatawa a intanet ko daga ni.

Malam_Idi_Araba:

Gaskiya ka faɗa Abu Hafsat, hukuncin na malaman fiƙihu ne ba nawa ba, ni abin da ya faru zan faɗa. Kuma tarihin yana goyon bayan tsoronka ta wani ɓangare. Ba duka ne gumaka ba, da yawa na kan kabari ne, na ƴan kasuwa da bayin da aka ƴanta da mata da miji, wasu na karramawa ne da gari ya yi wa wanda ya gina musu wurin wanka ko hanyar ruwa. Amma na sarakuna kam an kai su matsayin bauta, majalisa kan ayyana sarki a matsayin abin bauta bayan ya mutu a gina masa ɗaki da masu hidima. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filini ƙarami ya rubuta wa sarki Tarajan daga wani lardi da ke cikin Turkiyya ta yau, yana gaya masa yadda yake gwada waɗanda aka kawo ƙara cewa Kiristoci ne, sai ya sa a kawo siffar sarki da na gumakansu ya ce su ƙona turare su zuba giya a gabansu, wanda ya yi a sake shi, wanda ya dage a kan addininsa a hukunta shi. To ka ga an zubar da jinin mutane a gaban irin waɗannan fuskokin, ba kayan ado kawai ba ne a lokacinsu. Shi ya sa nake ganin sanin labarinsu ya fi a kalle su a wuce.

Maman_Ilham:

Salam. Yaya malam kun yi ta maganar maza kun bar mata, ni kuwa na matan ne suka ja ni shiga wannan harkar tun da na fara ganinsu a waya. Kitso da gyaran gashi ne sana'ata a nan Agege, kuma wlh duk mai wannan sana'a in ta ga kan matan Rum sai ta tsaya. Akwai wata a gidan tarihin Kafitolin a Rum da ake kira Fonseka, gashin gabanta an tara shi sama cunkus da ƙananan naɗe-naɗe jere bisa jere, bayan kuma an kitse an naɗe shi gammo, kuma duk a dutse, masassaƙin ya bi kowane naɗi ya huda tsakiyarsa. Ni tausayin bayin da ke yin wannan gyaran kullum da safe ma nake ji, don bayi mata ne ke yi wa uwayen gidansu.

Da can masana suna cewa ai gashin kanti ne ko kuma ƙirƙirar masassaƙi, gashin mutum ba zai tsaya haka ba. Sai wata mai gyaran gashi a Baltimo ta Amurka, Janet Stephens, ta zauna ta yi ta gwadawa har ta gano da allura da zare ake ɗinke kitson a jikin juna, ta rubuta aka buga a mujallar masana kayan tarihin Rum a 2008. Ni da na karanta ban yi mamaki ba ko kaɗan don allura da zare suna hannuna kullum, abin da ya ba ni haushi shi ne shekara da shekaru ba wanda ya yi tunanin ya tambayi mai kitso. Kuma da yayin gashin nan ake gane zamanin da aka yi kan, don matar sarki in ta fito da salo sai matan gari su bi, har akwai kawunan da aka yi gashin daban da wani dutse ana iya cire shi.

Baba_Obalende:

Ƴaƴana Allah ya yi muku albarka, na ji daɗin zancen nan. Ni abin da nake so in ƙara shi ne kar yaron nan ya tashi da tunanin cewa sai Bature ne ya iya fitar da fuska. Ɗana, ranar da ba ka da aiki ka hau mota zuwa Onikan, gidan tarihi na ƙasa yana nan kusa da dandalin Tafawa Balewa (TBS) tun 1957, mutanenmu suna zuwa su kalli motar da aka kashe Janar Murtala a ciki a 1976 su juya, ba sa shiga su ga kayan Nok da na Ife da na Bini. Nok fa a kudancin Kaduna take, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da kawunan gasasshen yumɓu a 1928, daga baya wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bi diddigi a shekarun 1940, kuma wasunsu sun haura shekara 2,500, wato sun girmi Agustus ɗin da malam ke faɗa nesa ba kusa ba. Su idonsu ma a huje yake tun asali, da hanci da baki.

Na Ife kuwa, na tagulla da aka tono a 1938 ana haƙa harsashin gini kusa da fadar Ooni, sarkin Ife, in ka tsaya gabansu sai ka ji kamar za su yi magana, ga zane siri-siri ya sauko daga goshi har haɓa. Saboda kyansu ne wani Bajamushe Leo Frobenius da ya ga irinsu a 1910 ya ce ba zai yiwu baƙar fata ya yi wannan ba, wai ragowar wata ɓatacciyar ƙasa ce ta Atlantis mai alaƙa da Girkawa. Wannan magana har yau in na tuna ta raina ɓaci yake yi. Yarabawa ne suka yi abinsu, ba Girka ba Rum.

Kuma tunda ana maganar Agustus, ɗaya daga cikin kawunansa mafi kyau a duniya a Afirka aka same shi, kuma ba don ƙauna aka ajiye shi ba. Bayan Rumawa sun kama Masar, mutanen Kush da ke Sudan ta yau suka kai hari kudancin Masar wajen shekara ta 25 kafin Miladiyya, lokacin sarauniyarsu Amanirenas, suka kwashe mutum-mutumin sarkin, suka cire kan wani na tagulla suka kai babban birninsu Meroe suka binne shi a ƙarƙashin matattakalar wani ɗakin bautarsu, duk mai shiga sai ya taka kan sarkin Rum. Binnewar nan ce ta tsare shi, da aka tono shi a 1910 idanunsa na gilashi da dutse suna nan daram, ka neme shi a waya ka ga yadda idon Barume yake kafin ya goge. Yanzu yana gidan tarihin Birtaniya a Landan, inda kayan Bini da aka kwashe a 1897 suke da yawa, amma wannan wata magana ce mai tsawo.

Ɗan_Agege_POP:

Kai, na gode ƙwarai Baba, na gode malam da hajiya, Abu Hafsat kuma in sha Allah zan yi yadda ka ce. Onikan kam zan je. Saura abu ɗaya malam, tunda ba suna a jikin yawancinsu ta yaya aka san wannan wane ne wancan wane ne? Kuma sarki in ya mutu ko aka yi masa juyin mulki ya ake yi da nasa?

Malam_Idi_Araba:

Kuɗi ne ya tona asiri. Tsabar kuɗinsu na azurfa da zinariya da tagulla suna ɗauke da fuskar sarki ta gefe da sunansa da muƙamansa a kewaye, tun daga Juliyas Siza, jagoran Rum kafin Agustus, da ya sa tasa fuskar a kuɗin Rum yana raye a shekara ta 44 kafin Miladiyya, shekarar da aka kashe shi. Sai masana su ɗauki kwabon su gwada da kan dutsen, hanci da haɓa da kunne, har tsarin gashin goshi suke ƙirgawa, don na Agustus akwai wasu silalai da ke rabuwa a saman ido kusan iri ɗaya a duk kwafin samfuri guda. Waɗanda ba sarakuna ba kuma in ba a same su da rubutu ba shike nan, sai dai a rubuta "wani mutum" a ƙasa, kuma irinsu sun fi yawa, wataƙila tsohon naka ma yana cikinsu.

Wanda aka tsana kuwa majalisa kan yanke a shafe ambatonsa, a kankare sunansa daga gine-gine a sauke kawunansa. Da yake mabul, farin dutsen da ake sassaƙa su da shi, yana da tsada ba kullum ake fasawa ba, sai a ba masassaƙi ya rage kumatu ya gyara gashi ya mayar da shi sabon sarki, an samu kawunan sarki Nero da dama da aka mayar na sarki Besfasiyan bayan mutuwar Nero a shekara ta 68, in ka lura sai ka ga kan ya yi wa wuyan ƙanƙanta. Wasu jikkunan ma tun farko da rami a wuya ake yin su, a cire kai a dasa wani.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na gidan Seftimiyus Seberus, shi ɗan Afirka ne, a Leptis Magna ta Libiya aka haife shi, ya yi sarauta daga 193 zuwa 211 ya mutu a York ta Ingila, ya bar wa ƴaƴansa biyu Karakala da Geta mulki tare. Shekara ba ta ƙare ba Karakala ya sa aka kashe ƙanensa a gaban mahaifiyarsu Juliya Domna, a jikinta ma ya mutu, sannan ya ba da umarni a goge shi ko'ina. Akwai wani zanen fenti a kan katako mai da'ira da aka samo daga Masar, yana Balin yanzu, uba da uwa da yara biyu, fuskar yaro ɗaya an kankare ta tas an bar wuyansa da rigarsa. Shi kuma Karakala ka nemo kansa ka gani, ya haɗe gira ya murɗa wuya gefe yana harara, haka ya zaɓa a nuna shi don sojoji yake so su ji tsoronsa su kuma so shi, ba majalisa ba.

Na tagulla yawancinsu narkar da su aka yi daga baya aka yi kuɗi da makamai, na mabul kuma da yawa an ƙone su an yi farar ƙasar gini, shi ya sa abin da ya rage kaɗan ne a kan abin da aka yi. Mutum-mutumin tagulla na sarki Markus Oreliyus a kan doki ya tsira ne saboda mutanen baya sun ɗauka Kustantin ne, sarkin da ya karɓi Kiristanci, sai suka ƙyale shi. Na asalin yana cikin gidan tarihin Kafitolin yanzu, wanda ke tsaye a filin waje kwafi ne.